Bashin ruwa saboda rufin ɗaki: ina larura ta tsaya?

 

Tambayar wannan karo daga kan tabarmarmu ta fito. Wata ƴar ƙungiyarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya biyar, ɗakinta na laka ya zube a daminar 2024, wadda ta kwantar da gidaje da yawa a jihar Tawa. Tun lokacin suna raɓe gidan ƙanen mijin. An yi mata tayin bashi: jika 200, ta mayar da jika 240 cikin shekara. Ta dube mu ta ce: "Wai Allah zai kama ni? Ba kwalliya zan yi da kuɗin ba, ɗaki zan rufa wa marayu." Duk muka yi shiru. Mu ba malamai ba ne, shi ya sa muka je muka tambaya, ga kuma abin da muka samo.

Na farko, haramcin riba ba shi da gardama. Yana cikin suratul Baƙara daga aya ta 275 zuwa ta 279, aya ta 280 kuma ta ce a saurara wa mai bashin da ke cikin ƙunci. Ƙarin da aka shardanta a kan rance riba ne, ko kaɗan ko mai yawa, kuma laifin ya hau mai karɓa da mai bayarwa.

Na biyu, gaskiya ne larura tana halatta abin da aka hana, kamar cin mushe ga wanda yunwa za ta kashe. Amma malamai sun raba larura da buƙata. Larura ita ce a ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, kuma an nemi hanyar halal an rasa. Ko a nan, gwargwadon abin da zai kawar da ita ake ɗauka. Ke da ɗiyanki kuna kwana fili cikin ruwa da sanyi, babu mai ba ku mafaka, wannan magana ce da za a kai gaban malami masani ya duba halinki ke kaɗai. Son canza laka zuwa siminti, ko ƙara shago a ƙofar gida, ba ya cikin wannan babi.

Wata cikinmu ta ce ɗanta ya ji a waya cewa malamai sun halatta bashin banki don sayen gida. E, a 1999 Majalisar Fatawa ta Turai, ƙarƙashin Shaihu Yusuf Alƙardawi, ta yi wannan sassauci. Sai dai ga Musulmin da ke zaune ƙasashen Turawa ta yi shi, wanda ba shi da gidan kansa, gidan kuma na zama ne, kuma babu wata hanyar halal. Malamai da yawa ma ba su yarda da fatawar ba. Tun 1990 kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta ce muhalli buƙata ce ta asali ga ɗan Adam, amma ta halal za a samar da shi: rance marar ƙari, ko sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, ko a yi jinga da magini a biya shi sannu. Ke nan fatawar Turai ba rigarmu ba ce.

To, ga inda maganar ta taɓa mu. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, ƙungiyoyi da yawa suna ba da rance daga akwati da ƙarin kashi 10 cikin 100. Mukan ce ai kuɗin gare mu suke dawowa ranar rabo. Malaman da muka tambaya ba su karɓi wannan hujja ba, don wadda ta ci bashin ita ta biya, waɗanda ba su ci ba su ma suka raba. Kunya ta kama mu, wallahi. Muna tsoratar da baiwar Allah da ribar waje, alhali ta cikin gida tana cikin akwatinmu.

Ga abin da muka tsayar. Adashi yana nan, don kowa abin da ta zuba shi take kwasa. Daga asusun taimako muka ba ta rancen kuɗin azara, jika nawa ta karɓa jika nawa za ta mayar. Kwano kuma ƙungiya ce ta saya da kuɗinta, aka kawo shi hannunmu, sannan muka sayar mata da riba ƴar kaɗan, ta biya bayan an sayar da albasa. Wannan ciniki ne, malamai na ce masa murabaha, kuma yana da sharuɗɗa: kayan su zama namu kafin mu sayar, a yanke farashi tun ranar farko, in ta makara ba a ƙara mata ko dala. Tarar makara wajen taro daban take, amma tara a kan jinkirin bashi ita ce ribar da aka hana. Tubali kuwa samarin unguwa suka yi gayya, mu muka dafa abinci. Wadda bashi ya yi wa katutu ma tana cikin masu cin zakka, kada a manta da ita lokacin kaka.

Ɗaki guda ne, ba siminti ko'ina, amma an rufe shi kafin ruwa ya sauka, kuma ba a bin ta ko sisin ƙari.

Muna roƙon kowace shugaba ta sa wannan magana a taro mai zuwa. A buɗe littafi a duba yadda ake ba da rance, a gayyato malamin unguwa ko malamar Islamiyya, a tambaya ba kunya. Ƙungiyar da ta gwada sayar da kaya a madadin ƙari, ta aiko mana da yadda ta kaya, mu sa a fitowa ta gaba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu daga haram, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.