Ra'ayinmu: A bar zanen Rafayel inda yake, amma a kai wa Roma kwafinsa

A Villa Farnesina, gidan da attajiri Agostino Chigi ya gina a bakin kogin Tiber a Roma, akwai wani rufi da aka ƙawata da tatsuniyar Kupid da Saiki tsakanin 1517 da 1518. Sunan mai zane Rafayel ake kira, amma yaran shagonsa, Giulio Romano da Gianfrancesco Penni, su suka shafa yawancin fentin, Giovanni da Udine kuma ya zana furanni da 'ya'yan itatuwa.

Aikin ne ya gaji haka. Ana shafa launi ne a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa, kuma dole a kammala rabon yini kafin ya bushe, domin bayan nan ba gyara sai an kankare. Saboda haka tun a takarda ake gama shawara. Maigida ya zana da jan alli, a faɗaɗa zanen, a mayar da shi jikin bango, galibi ta hanyar huda layukansa da allura a buga garin gawayi. Wanda ke son ganin hannun Rafayel tsantsa, takardun nan zai nema.

To ina suke? Zanen wasu 'yan mata uku da ke wurin biki a rufin yana Windsor a Ingila, na Binus da Saiki yana Louvre a Faransa.

Masu cewa a mayar da su Roma suna da hujja mai ƙarfi: zane da bangonsa abu guda ne, kuma ɗalibi bai kamata ya ratsa ƙasashe uku kafin ya fahimci rufi ɗaya ba. Muna jin zafin wannan. Sai dai takarda ba ta jure haske, shi ya sa ko a inda suke ba a baje su sai na 'yan watanni. Ba kuma daga bango aka ɓamɓaro su ba. Kayan shago ne, da suka bi hannun magada da masu saye bayan rasuwar Rafayel a 1520.

Matsayinmu shi ne a bar su inda ake kula da su. Amma Windsor da Louvre su riƙa ba da aro, kamar yadda gidajen tarihi suka yi wa Roma a baje kolin ayyukan Rafayel na 2020. Cibiyar Lincei mai riƙe da Villa Farnesina kuma ta ajiye ingantaccen kwafin kowane zane a ƙarƙashin rufin, tare da sunan yaron shagon da ya mayar da shi fenti.