ALLURAR DA BA RUWA: A YI HATTARA KAFIN TA ISO KASUWANNINMU



Duk wanda ya san mutanenmu ya san irin yardar da muka yi wa allura. Mutum zai taso tun daga Runka ko Ruma ya je asibiti, a duba shi da kyau a rubuta masa ƙwayoyi, amma matuƙar ba a tsira masa allura ba, to zai koma gida yana cewa likitan bai san aikinsa ba. To ga shi yanzu wata allura ta fito wadda ko ɗigon ruwan magani babu a cikinta. Da yawanku kun ga hotunanta a waya, mutum kwance rub da ciki an jera masa allurai a gadon baya kamar beguwa, ana cewa maganin ciwon baya ne da wuya da gwiwa. A kanta nake son mu tattauna yau, domin ina ganin alheri a cikinta, ina kuma jin tsoron hannun da za ta faɗa.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa abu biyu ne mabambanta, duk da cewa allurar iri ɗaya ce, siririya kamar gashin wutsiyar doki. Na farko shi ne akufanca, wato tsohon maganin mutanen ƙasar Sin wanda ya haura shekara 2,000, inda suke soka allurai a wasu keɓaɓɓun gurabe bisa imaninsu cewa akwai hanyoyin da ƙarfin rai yake bi a jikin ɗan Adam. Amurkawa sun waye da shi sosai ne a 1971, lokacin da aka yi wa wani ɗan jaridarsu mai suna James Reston aikin afendis a birnin Bejin, aka rage masa zafin bayan aiki da allurai, ya ba da labari a jaridarsa. A 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da aka gada.

Na biyu shi ne wanda likitocin gashi suke kira busasshiyar allura, shi kuwa ɗan zamani ne. Kun san ƙullutun nan da ke fitowa a tsokar kafaɗa ko ƙugu, wanda in an danna sai zafin ya harba wani wuri? Wata likita Ba'amurkiya, Janet Travell, wadda ta yi wa shugaba Kennedy aiki, ta shafe shekaru tana yi wa irin waɗannan ƙullutai allurar kashe zafi. Sai a 1979 wani likita ɗan Cekoslobakiya mai suna Karel Lewit ya nuna cewa sukar allurar ita kanta tana kawo sauƙi ko da babu magani a ciki. Rashin magani a cikinta shi ne asalin sunan. Ana soka ta cikin ƙullutun, tsokar ta yi ɗan zillo, sannan ta saki.

Shin tana aiki? Nan fa ake yin ta. A 2007 an fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Jamus a kan mutum 1,162 masu tsohon ciwon baya. Bayan wata 6, kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka yi wa akufanca ta gaske sun samu sauƙi, waɗanda aka yi wa ta bogi, wato aka ɗan soka musu sama-sama a gurbin da ba shi ba, kashi 44, waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba kuwa kashi 27. Ka ga ke nan allura ta fi abin da aka saba, amma ta gaske da ta bogi sun kusa yin kunnen doki, abin da ke nuna cewa yardar mara lafiya da kulawar da ya samu suna da babban rabo a cikin sauƙin. Su kansu masana ba su gama daidaitawa ba. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar magani ta ce a 2016 kada a yi akufanca don ciwon baya, sai kuma a 2021 ta yarda a gwada ta ga masu daɗaɗɗen ciwon jiki da ba a gano sanadinsa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa allurar cikin abubuwan da za a iya gwadawa a kan tsohon ciwon baya, tare da motsa jiki da wayar da kan mara lafiya. A taƙaice dai tana rage zafi ga wasu na ɗan lokaci. Ba ta mayar da tsoho yaro, ba ta gyara ƙashin da ya zaizaye.

To me ya haɗa wannan da Batsari da Safana? Ciwon jiki mana. Mutanenmu manoma ne, da fartanya da garma a duƙe tun hantsi har la'asar. Matanmu ga daka, ga ɗibar ruwa, ga dakon itace a ka. Samarinmu sun wuni a kan babur a hanyoyi masu gargada. Sannan ga shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindigar dajin Rugu, waɗanda suka bar mana masu tabon harsashi, da waɗanda suka sha ɗauri a daji, da tsofaffin da suka yi gudun da ya fi ƙarfin shekarunsu. Duk wannan ciwo ina ake kai shi? Kemis, ko wajen mai tallar magani a faranti, a haɗa wa mutum ja da fari da ruwan ɗorawa ya watsa a baki ya koma gona. Irin su diclofenac in an daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda, tiramol kuwa kowa ya ga yadda ta mayar da 'ya'yan mutane. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suke shan irin su tiramol da kodin ba bisa ƙa'ida ba. Don haka duk abin da zai rage wa manomi haɗiyar ƙwaya, ni ina maraba da shi.

Amma fa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mun ga abin da allurar ruwa ta yi da ta faɗa hannun waɗanda ba su koya ba, yara nawa ne suke jan ƙafa saboda an soki jijiya a ɗuwawu? Busasshiyar allura ma haka take. Ƙarƙashin kafaɗa da tsakanin haƙarƙari huhu ne a kwance, in allura ta zarce ta huda shi sai iska ta taru a ƙirji numfashi ya gagara, kuma hakan ya sha faruwa har a ƙasashen da suka ci gaba. Ga batun maimaita allura, alhali binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ba a ma zancen ƙanjamau. Abu na uku, ciwon baya kala-kala ne. Akwai na tsoka, akwai na tibi da ya kama ƙashin baya, akwai na ƙoda, akwai na daji. Wanda bayansa ke ciwo yana ramewa, ko yana zazzaɓin dare, ko ƙafafunsa suna mutuwa, ko fitsari yana ƙwace masa, in aka tsaya yi masa allurai an cuce shi, domin lokacin da ya kamata a ceto shi ne yake wucewa.

Na san wani zai ce, ai wanzamanmu sun daɗe suna ƙaho da tsaga da sakiya, me zai hana su ƙara da wannan? Ina girmama wanzami, sana'arsa gado ce, an san gidansu, in ya yi ɓarna akwai Sarkin Aska da za a kai wa ƙara. Sai dai ƙaho a fata yake tsayawa, ita kuwa wannan allura cikin nama take nutsewa inda ido ba ya gani, dole sai wanda ya karanci jikin mutum gaɓa-gaɓa. Wanda ma ya fi ba ni tsoro shi ne yaron da zai kalli bidiyo kwana uku, ya sayo kwalin allurai, ya sa farar riga, ya kafa lasifika ranar kasuwa yana cewa maganin Sin ya iso, yana warkar da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa. Wallahi in ya zo zai samu layi, saboda yardar da muka yi wa allura.

Masu wannan aiki na gaskiya muna da su. Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye likitocin gashi, ana samunsu a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma tun 1988 akwai hukumar tarayya da ke yi musu rajista. Matsalar ita ce sun taru a birni, mai ciwon kuwa yana ƙauye, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi haƙura ya koma kemis. Kirana ga gwamnatin Katsina da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu shi ne a kawo likitan gashi kusa da jama'a, ko da rana ɗaya ce a mako, tun kafin 'yan damfara su riga su.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, in har za a yi muku wannan allura, ku tambayi shaidar mai yin ta, ku tabbata ya bincike ku kafin ya taɓa ku, ku ga an ɓare sabuwar allura a gabanku an jefar bayan an gama. In ya sallame ku bai koya muku motsa jikin da za ku riƙa yi a gida ba, da yadda za ku duƙa ku ɗaga kaya, to rabin aiki ya yi, domin allura buɗe ƙofa kawai take yi, motsa jikin ne yake hana ciwon dawowa. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Wassalam.