Sharhi: Hanyoyin da Tsutsar Ciki da Makero ke Bi su Kama Mu

Sharhinmu na yau ya shafi cututtukan da muka saba da su har muka daina ɗaukar su a matsayin ciwo.

Sau da yawa idan yaro ya rame cikinsa ya kumbura, sai a ce zaƙi ne ya yi masa yawa. Zaƙi ba ya haifar da tsutsa. Tsutsa daga ƙwai take fitowa, ƙwan kuma daga bayan gidan mai ɗauke da ita. Macen doguwar tsutsar hanji guda na iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana. Idan aka yi bahaya a fili, ƙwan ya zauna a ƙasa, ya maƙale a hannun yaro mai rarrafe, ko a latas da kabejin da ba a wanke da kyau ba, daga nan sai baki. Wata tsutsar ma ba ta jiran baki: 'ya'yanta na huda fatar mai tafiya ba takalmi, su isa hanji su riƙa shan jini. Tsila kuwa a naman shanun da bai dahu ba take ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 1.5 ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa.

Sai tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi ko magudanar noman rani, ƙwan tsutsar da ke cikin fitsarin ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, sannan ya fito ya ratsa fatar mai wanka, mai wanki ko mai dashen shinkafa. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne, rauni ne a mafitsara.

Makero shi ba tsutsa ba ne, wani nau'in fumfuna ne da ke cin fata da gashi. Yana bin injin aski da askar wanzami, da mataji, hula, tawul da shimfiɗa, ko ya fito daga jikin mage da maraƙi. Shi ya sa yake saurin gama ɗakin kwanan ɗalibai da tsangaya.

Ƙwayoyin maganin tsutsa da ake raba wa yara a makarantu suna aiki, kuma ya kamata iyaye su bari a ba 'ya'yansu. Amma magani na kashe tsutsar da ke ciki ne kawai. Yaron da ya koma kududdufin jiya zai sake kamuwa.

Mun taɓa ganin abin da toshe hanyar yaɗuwar cuta ke yi. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba allurar rigakafi, ba ƙwayar magani. Tace ruwa, haƙa rijiyoyi da hana masu ciwon shiga tafki ne suka yi aikin, har aka tabbatar da Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar a 2013. A 2022 kuma Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili.

Saboda haka aikin a bayyane yake. Magidanci ya gina masai. Uwa ta dage kan sabulu da takalmi. Mai aski ya tsaftace injinsa kafin kai na gaba ya zauna. Hukuma kuma ta kai ruwa mai tsabta ƙauye, domin ba a hana mutum kududdufi alhali ba shi da wani ruwan.