FILIN KIWO DA NOMA: Kafin a shigo da kare gida

A wannan wata filin zai yi magana a kan kare.

Daga Bakin Birji zuwa Tanut, daga Gangara zuwa Belbeji, da wuya a iske zangon Buzaye ko rugar Fulani babu kare. Manoman Damargu ma suna ajiye shi. Shi ke korar dila daga ƴan tumaki. Shi ke tada mai gida in ɓarawo ya nufo rumbu. Malamai sun ce addini ya yarda a riƙe kare don tsaron bisashe, ko gona, ko farauta.

A Faransa akwai gidajen tara karnukan da ba su da mai su. Ƙungiyar SPA, wadda aka kafa a 1845, tana riƙe da irinsu. Can likitan dabbobi ke duba kare, ya yi masa allura, kana a ba mai so. A Damargu kuwa kare na zuwa daga maƙwabci, ko daga zango, ko ya biyo mutum daga kasuwa. Ke nan aikin dubawa ya rage ga mai ɗauka.

Wani sai ya ga ƙaton kare mai yawo, ya ce ya samu mai gadi a banza. To, bai san inda ya kwana ba, bai san abin da ya cije shi ba. Ciwon haukar kare na ɓoyewa cikin jiki wata 2 ko 3, wani lokaci fiye. Ya fi kyau a ɗauki kwikwiyo ɗan wata 2, wanda aka san uwarsa. In ya tashi cikin garke, tumaki za su zama danginsa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ciwon nan na kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara. Wajen 4 cikin 10 yara ne. In alamar ciwon ta fito ga mutum, ba a warkewa. Amma tun 1885 Luwi Pastor ya samo allurar da ke tare shi, in an yi ta da wuri.

Ga abin da ya kamata mai kare ya kiyaye:

1. In kwikwiyo ya kai wata 3, a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar rigakafi. A sake kowace shekara.

2. A ba shi tuwo da ruwa kullum, cikin ƙwaryarsa ta daban. Kare mai yunwa shi ke bin juji, shi ke kama ɗan akuya.

3. Kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta mai ƙulun ruwa, ko kan tunkiyar da ta mutu tana hajijiya. Tsutsa ce a ciki. Kare zai ci, ya zubar da ƙwanta a ciyawa, bisashe su ɗauka. A binne su da zurfi.

4. In kare ya sake hali, yana dalala, yana cizon icce da dutse, ko bakinsa ya saki, kada kowa ya sa masa hannu a baki da sunan cire ƙashi. A janye yara, a sanar da ma'aikacin kiwo.

5. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15. Kada a ɗaure, kada a zuba toka. A tafi gidan likita ran nan, ko da ƙarzuna ce. Karen kuma a ɗaure shi kwana 10 ana kallonsa, amma kada a jira shi kafin a fara allura.

A koya wa yara su faɗa in kare ya cije su. Yaron da ke tsoron duka shi ke ɓoyewa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya tsare garke da masu shi.