Ke Sabuwar Wakiliyar Kamfani, Me Ke Sa Muryarki Rawa A Waya?

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wata sana'a da ta shigo gidajenmu ta zauna daram, watau wakilcin kamfanonin nan da ba su kai kayansu kanti, sai dai su ba mace littafin hotunan kaya da farashinsu, ita kuma ta nemo masu saye da kanta, a ba ta la'ada a kan abin da ta sayar. Man shafawa ne, turare ne, sabulu ne, robobin ajiye abinci ne, har da magungunan ƙarin kuzari. Da wuya yanzu ki shiga gidan biki ko suna ba ki tarar da wata ta buɗe jaka tana nuna irin wannan kaya ba.

To, shiga sana'ar ba wuya. Wuyar tana zuwa ne ranar da aka ce miki, "Rubuto sunayen mutanen da kika sani, ki bubbuga musu waya." Nan ne za ki ga mace mai bakin magana, wadda in ana hira a tsakar gida ba a jin muryar kowa sai tata, ta riƙe waya tana juya ta a hannu kamar garwashi. Ta danna lamba ta goge. Ta ce bari sai an yi la'asar, in an yi la'asar ta ce ai yanzu suna girki, sai gobe. Kaya kuwa suna nan jibge a ƙarƙashin gado, kuɗin adashin da ta zuba a ciki suna kwance.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, tsoron nan iri biyu ne, kuma kuskure ne a yi musu magani ɗaya. Akwai na baƙunta, wanda ke kama duk wanda ya soma sabon abu. Akwai kuma wanda zuciya ce ke yi miki gargaɗi. Na farkon a kore shi. Na biyun kuwa a tsaya a saurare shi, ko da shugabar rukuninku za ta yi fushi.

Mu soma da na baƙunta. Bugun zuciya da bushewar miyau da gumin tafin hannu da rawar murya, duk aikin wani sinadari ne da likitoci ke kira adiranalin, wanda wasu 'yan ƙullutai da ke bisa ƙoda ke sakin sa cikin jini sa'ad da jiki ya zaci akwai haɗari. Jiki bai san bambancin kare mai cizo da Hajiyar da za ta ce ba ta saye ba, shiri ɗaya yake yi musu. Saboda haka kada wata ta ce miki sammu ne, ko kuwa ba ki da jinin kasuwanci. Mu malamai mun san wannan abu sarai, don kuwa babu wadda ta tsaya gaban allo ranar farko ta gwajin koyarwa ba tare da alli ya yi rawa a hannunta ba, alhali kuwa yara ne 'yan shekara bakwai ke kallon ta. Bayan mako biyu sai ki ga ta manta ma an yi. Abin da ya kawar da shi shiryayyen darasi ne da maimaici, kuma su ne za su kawar da naki.

Shiryayyen darasinki shi ne sanin kayanki. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma rabin fargabar sabuwar wakiliya tsoron tambaya ne. Nawa ne? Kwana nawa yake yi in ana shafawa kullum? Mai maiƙon fuska za ta iya amfani da shi? In bai karɓe ni ba ana mayarwa? Yana da lambar hukumar NAFDAC? Ki zauna ki rubuta amsoshin nan a takarda da babban rubutu, ki ajiye a gabanki kafin ki danna lamba. Wannan ita ce falalar waya a kan zuwa gida, mai saye ba ta ganin takardarki, ba ta kuma ganin gumin goshinki. In an tambaye ki abin da ba ya cikin takarda, ki ce, "Bari in tambayo miki, zan sake kira gobe in Allah ya kai mu." Ki kuwa kira goben. Sa'an nan ki yi amfani da kayan da kanki tukuna, ko da ƙaramin kwalba ɗaya ne. Wadda ta shafa mai ta ga aikinsa, labari take bayarwa. Wadda ba ta taɓa buɗe shi ba kuwa hadda take kawowa, mai hadda kuma da an katse ta shi ke nan ta ɓace.

Wannan sana'a a Amurka ta yi ƙarfi, kuma tarihinta na da abin koyi. A shekarar 1886 wani mai tallar littattafai gida-gida, David McConnell, ya lura matan gida sun fi son ɗan turaren da yake ba su kyauta a kan littattafan, sai ya koma sayar da turare. Wadda ya fara ɗauka ta yi masa wakilci wata dattijuwa ce mai shekara 50, Misis Albee, wadda ta riƙa bin gidaje a jirgin ƙasa da keken doki. Kamfanin nan shi ne aka sa wa suna Avon a 1939. Haka kuma Madam C. J. Walker, baƙar fata da aka haifa a 1867, 'yar bayin da aka 'yanta, marainiya tun tana shekara 7, wadda ta yi shekaru tana wankau. Da ƙafarta ta riƙa bin ƙofa-ƙofa tana tallar man gashi, kafin rasuwarta a 1919 tana da dubban wakilai mata. Ba mai gaya mini cewa waɗannan mata ba su taɓa jin faɗuwar gaba a ƙofar baƙo ba.

Amma wadda labarinta ya fi burge ni ita ce Brownie Wise. Robobin Tupperware sun fito kasuwa a 1946, suka yi ta zama a kantuna ba mai saye, don mutane ba su gane yadda ake rufe murfin ya kama ba. Ita kuwa sai ta riƙa tara mata a gidan ɗaya daga cikinsu, ta zuba ruwa a roba ta rufe, ta jefa ta tsakiyar ɗaki, ko ɗigo bai zuba ba. Ciniki ya buɗe har a 1951 kamfanin ya janye kayansa daga kantuna ya ba ta shugabancin sayarwa a gidaje. Kin ga ita ba dogon surutu ta yi ba, bari ta yi kaya su yi magana. To ke ma ki rage wa wayar nauyi. Kada ki ɗora wa kanki cewa lalle sai kin sayar a cikin kira ɗaya. Aikin kiran shi ne ki sami izinin kawo kaya a gani, ko ki aika da hotonsu ta WhatsApp, ko ki ba yaro ya kai ɗan gwaji. Neman izinin zuwa ya fi neman kuɗi sauƙin faɗa nesa ba kusa ba.

Mu kuma Hausawa ai ba baƙi ba ne a wannan harka. Tun kafin wayar salula ta zo Nijeriya a 2001, dillaliya ke shiga gidajen kulle da ƙunshin atamfa da kwanuka da sarƙoƙi a ka. Ku tuna yadda take yi. Ba ta taɓa kwance ƙunshi daga shigowa. Sai ta yi sallama, ta zauna, an gaisa, ta tambayi maigida da yara da mai jiki, ta sha ruwa, sa'an nan ta ce, "Af, ga wasu 'yan kaya nan ko za ki duba." Abin da ke ba ni haushi da wasu takardun koyar da talla da kamfanoni ke rabawa shi ne, an fassaro su ne daga ƙasashen da ake shiga magana kai tsaye. Ki kira babbar mace ki soma da sunan sabulu ba gaisuwa, ai kin gama da kanki. Gaisuwar nan tamu kuwa wata rahama ce ga mai fargaba, domin kin iya ta tun kina goye, ba ki bukatar tunani, kafin ki gama "ina wuni, ina gajiya, yaya yara" numfashinki ya daidaita.

Daga nan sai ki faɗi ko ke wace ce da abin da ya sa kika kira, a gajarce: "Hajiya, ni ce wance, ƙanwar wance ta unguwa kaza. Na soma sayar da kayan shafa ne, na ce bari in sanar da ke. Ko kina da sarari in yi miki bayani, ko in sake kira?" Tambayar nan ta ƙarshe kada ki bar ta. Ki kuma lura da lokaci. Hantsi, bayan yara sun tafi makaranta an gama shara, ya fi kowane lokaci. Kada ki kira da magariba, ko ana tsakar tuƙa tuwo, ko dab da shan ruwa a watan azumi. Sau da yawa faɗan da sabuwar wakiliya ke sha a waya ba na kayanta ba ne, na tukunyar da ke ƙonewa ne. Ki soma da mutum biyu ko uku waɗanda kika san ko ba su saya ba za su yi miki fatan alheri, kamar yayarki ko aminiyarki, ki bar masu zafin rai sai bakinki ya faɗa. Kafin ki danna, ki ja numfashi ki sake shi a hankali sau uku, ki yi bisimilla. Wasu sun fi jin ƙarfin murya in suna tsaye, ki gwada ki gani.

Saura "ba na so." Ita ce dodon, ko ba haka ba? Haba 'yar'uwa! Ke da kanki sau nawa kika taya kaya a kasuwa mai kaya ya ce albarka, kika wuce, gobe kuma kika dawo rumfarsa kuna dariya? Sau nawa 'yar talla ta yi sallama kika ce a kai kasuwa? Kin tsane ta ne? Mafi yawan waɗanda za ki kira ba za su saya ba, haka sana'ar take ga kowa, har ga wadda ta shekara goma a ciki. Wata ba kuɗi, wata tana da irinsa bai ƙare ba, wata sai ta shawarci maigida. Ki yi godiya, ki ce in an tashi bukata kina nan, ki ajiye waya da mutuncinki. Naci shi ke ɓata zumunci, har ki ga dangi sun daina ɗaukar wayarki ko da gaisuwar mutuwa za ki yi.

Yanzu ga tsoro na biyu, wanda na ce a saurare shi. In kin yi kira ashirin, talatin, kin san kayanki, amma har yanzu duk sa'ad da za ki faɗi wata magana sai ki ji ƙirjinki ya yi nauyi, to ki dubi maganar da kyau. Wataƙila an ce ki ce garin nan yana warkar da ciwon sukari da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya, ke kuwa kin san ba ki ga wanda ya warke ba. Wannan nauyin ƙirji lafiyar imaninki ce. Ki yi tunanin tsohuwar da za ta ajiye maganin asibiti saboda maganarki. Ko kuwa an ce ki daina wahalar sayar da kaya, ki jawo ƙawayenki su biya kuɗin rajista a ƙarƙashinki, wai a nan arzikin yake. In kuɗin da ake samu daga shigo da mutane yake fitowa, ba daga masu saye su yi amfani ba, to na ƙasa ne ke ciyar da na sama, kuma na ƙasan su ne 'yan'uwanki da suka yarda da ke. Ko a Amurka hukuma na sa ido a kan haka. A 2016 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta sa kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200, ya kuma sake tsarin biyan wakilansa ya dogara ga ainihin abin da aka sayar wa masu amfani. A tarurrukan wakilai za a yi ta tafi da kirari ana ce muku tsoro abokin gabar nasara ne. Ni dai na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki tambayi wadda ta shigo da ke, in kaya suka ƙi sayuwa kamfani na karɓar abinsa ya mayar da kuɗi? In ta soma kewaye-kewaye, kin sami amsa.

Ku kuma 'yan makaranta da ke sha'awar abin don ku sami na sabulu, ban hana ku ba, amma da sanin iyaye, kuma a lokacin hutu. Ku tsaya ga mata 'yan'uwanku da kuka sani. Namijin da ya ce sai kin kawo masa turare ɗakinsa zai saya, ba turare yake so ba, wannan fargabar ma ta gargaɗi ce. Uwargida ita ma ta sanar da maigida tun farko, don kada yawan kiran baƙin lambobi ya jawo zargi a zauna lafiya.

Akwai kira ɗaya da ko tsofaffin hannu ke jin nauyinsa, shi ne na bin bashi. Mace ta karɓi kaya da fara'a, wata ya ƙare, shiru, ke kuma kamfani ba ya jiran ki. Maganinsa tun ranar ciniki ake yin sa. Ki faɗi farashi sarai ba tare da kin sassauta murya kamar mai roƙo ba, ku yanka ranar biya, ki rubuta a littafi a gabanta, ko ki aika mata da saƙo a rubuce in a waya kuka yi. In ranar ta zo, kin huta da neman yadda za ki soma, sai ki gaishe ta ki ce, "Hajiya, yau ce ranar da muka yi." Wadda kuwa kika san kunyarta ba za ta bar ki ki tambaye ta kuɗi ba, kamar surukarki ko uwar ɗakinki, to ko dai ki ba ta kyauta in kina da hali, ko ta biya hannu da hannu.