An Gudu Ba A Tsira Ba: Mai Linux, Me Ya Haɗa Ka Da µTorrent?



Makon jiya wani ƙanena mai shagon buga takardu a nan Agege ya kira ni, wai kwamfutarsa ta yi nauyi. Wata uku da suka wuce ni na cire masa Windows na sa masa Ubuntu, don ya huta da ƙwayoyin cuta da manhajojin sata. Ina dubawa sai na tarar wani mai gyara ya sa masa µTorrent na Windows ta hanyar Wine, talla sai walƙiya take yi a gefe. Na ce to, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Ga wanda bai san abin ba, torrent hanya ce ta musayar fayil tsakanin kwamfuta da kwamfuta. Bram Cohen ne ya ƙirƙiro tsarin BitTorrent a 2001. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da hatiminta na lissafi, ka karɓi wannan daga mutum a Indiya, waccan daga wani a Jamus, kai ma kana miƙa wa wasu abin da ka samu. In NEPA ta ɗauke wuta, in ta dawo daga inda ka tsaya za ka ci gaba, gunduwar da ta lalace kaɗai za a sake. Da can Ubuntu faifan CD ɗaya ne, har kamfanin Canonical yana aiko shi kyauta ta gidan waya kafin ya daina a 2011. Ubuntu 24.04 kuwa ya haura gigabait 5. Wanda saukarwa ta taɓa katse masa a kashi 90 cikin 100 ya san darajar wannan tsari.

To me ya sa nake faɗa da µTorrent? Saboda tarihinsa. Ya fito a 2005 ƙarami mara nauyi, kowa na son sa. A ƙarshen 2006 kamfanin BitTorrent ya saye shi, a 2012 aka fara cusa masa talla, a Maris 2015 kuma masu amfani da shi suka gano ana haɗo shi da wata manhaja mai suna Epic Scale, wadda ke haƙar kuɗin intanet da ƙarfin kwamfutarka. Ka duba fa: man janaretonka, ribar wani. Kuma lambobin da aka gina shi da su a rufe suke, ba mai iya leƙawa ya ga abin da yake yi. Wannan ba sabon abu ba ne, Kazaa ma haka ya riƙa cika kwamfutocin kafe da manhajojin talla a farkon shekarun 2000.

Wasu kuma har yau LimeWire suke nema. Malam, kotu a Amurka ta dakatar da shi tun Oktoban 2010. Duk shafin da ya ba ka wani abu da sunan tsohon LimeWire, ka yi hattara da shi.

Ga shawarata, ba ɓoye-ɓoye. In kwamfutarka tsohuwa ce, irin tokumbon da yawancinmu ke saya, ka ɗauki Transmission. Tun 2005 yake, a 2008 Ubuntu ta sa shi cikin manhajojin da take zuwa da su, ba talla, ba nauyi. In kana son iko sosai, ka ɗauki qBittorrent, wanda Christophe Dumez ya fara a 2006. Fuskarsa kamar ta µTorrent take, saboda haka uzurin "shi na saba da shi" ya faɗi. Akwai Deluge ma. Dukansu lambobinsu a buɗe suke.

Wani zai ce ai Transmission ɗin ma an taɓa kama shi da cuta. Gaskiya ne. A Maris 2016 ɓarayi sun shiga shafinsa suka sauya fayil ɗin masu Mac da mai ɗauke da KeRanger, cutar da ke kulle fayiloli sai an biya fansa. Amma darasin a nan shi ne ka riƙa ɗauko manhaja daga rumbun Ubuntu ko Debian ko Mint, inda kowane ƙunshi ke da sa hannu, ka daina karɓa daga filashin mai gyara.

Abu biyu suka rage. Na farko, data. Torrent yana aikawa kamar yadda yake karɓa, in ka bar shi a buɗe zai cinye maka data kana barci. Ka shiga saiti ka ƙayyade gudun aikawa, ka sa ya tsaya in ya mayar da daidai abin da ya karɓa. Amma mai intanet mara iyaka a ofis ko shago, don Allah kada ka sauke ka rufe nan take. Ka ci a kwanon jama'a, ka zuba naka.

Na biyu, amana. Masu cewa torrent kayan ɓarayi ne sun yi kuskure, domin Ubuntu da Debian da kansu suke raba shi, Internet Archive ma tun 2012 take ba da littattafai da sautuka ta wannan hanya. Sai dai wanda ya yi amfani da shi ya raba fim ɗin Kano da 'yan uwanmu suka zuba jarinsu a ciki, ya ci haƙƙi, ko da Linux ya yi ko da Windows. Mu da muka baro gida don neman halal, bai kamata mu zama masu karya kasuwar gida ba.

Ƙanen nawa dai na goge masa Wine da abin da ke cikinsa, na sa masa qBittorrent. Kai ma ka duba taka yau. Allah Ya sa mu dace, amin.