Sabon Hannu a Wikipedia ta Hausa: Darasi Daga Gaya da Ajingi

Tun daga shekarar 2001 da Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa Wikipedia, watau kundin ilmin nan na intanet wanda kowa yake iya rubutu a cikinsa, harsuna da yawa sun sami nasu sashen, ciki har da Hausa. Abin da sabon hannu yakan fara nema a kundin shi ne sunan garinsu, ya ga abin da aka faɗa, ya ƙara nasa. Wannan ba laifi ba ne, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai kuma so yakan hana ganin laifi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, aikin farko na sabon hannu shi ne ya koyi ɗaura wa kowace magana shaidarta: wane ne ya faɗa, a ina, kuma yaushe. Garuruwan Gaya da Ajingi na gabashin Jihar Kano sun isa misali.

Gaya tsohon gari ne wanda sunansa ya shiga labarun asalin Hausawa. A labarin Bayajida an ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. Haka kuma ana cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala saboda neman tama, daga Gaya suka fito. Ɗan Gaya da ya tashi yana jin waɗannan labarai a bakin kakanninsa zai so ya rubuta kai tsaye cewa mutanen garinsu ne suka kafa Kano. Abin da ya kamace shi a nan shi ne ya bambance tsakanin abin da aka ruwaito da abin da aka tabbatar. Sai ya ce "bisa ga labarin da aka gada", sa'an nan ya ambaci littafin da ya kawo labarin, da marubucinsa, da shafin da maganar take. Akwai littattafan da zai duba, irin su Tarihin Kano wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. In bai sami maganar a ko'ina a rubuce ba, ya dakata tukuna. Yin haka bai rage wa Gaya daraja ba, gama masani in ya ga labari ɗaya maras madogara, sai ya yi shakkar sauran duka.

Misali na biyu ya shafi lokaci. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa sababbin masarautu huɗu a Jihar Kano, watau Bichi da Rano da Ƙaraye da Gaya. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe su, sa'an nan a watan Yuli na wannan shekarar aka sake kafa Rano da Ƙaraye da Gaya a matsayin masarautu masu daraja ta biyu, aka sa ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashin ta Gaya. Wanda ya rubuta matsayin masarautar bai sa shekara ba, ya rubuta abin da zai iya zama gaskiya yau, gobe ya zama ƙarya. Ban da haka, al'amari ne da ya raba kan jama'a har ya kai gaban kotu. Mai rubutu a kundin ilmi yana da nasa ra'ayin kamar kowa, amma ƙa'idar Wikipedia ita ce kada a ɗauki ɓangare. Ya faɗi abin da ya faru da shekararsa, ya kawo hujjar kowane ɓangare daga bakin masu ita, ya bar mai karatu ya yanke hukunci. Kirari da zambo suna da muhallinsu a adabi, amma kundin ilmi ba dandalinsu ba ne.

Matsalar Ajingi kuwa dabam take, domin littattafan tarihi ba su cika ambatonta kamar Gaya ba. Ɗan Ajingi ya san kasuwannin ƙasarsu da amfanin gonarta da jerin masu sarautarta, amma Wikipedia ba ta karɓar binciken da mutum ya yi da kansa wanda ba a buga shi a wani wuri ba. Akwai masu ganin wannan ƙa'ida ta zalunci al'ummar da mafi yawan tarihinta a ka yake, kuma maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. To, amma in aka buɗe ƙofa ga "an ce", babu mai iya rarrabe maganar dattijo masani da ta mai son zuciya. Maganin abin yana hannun sassan Hausa na jami'o'i. Ɗalibi ya je Ajingi ya tattauna da dattawa, malamai su tace aikin, a buga shi a mujalla ko littafi, daga nan ya zama madogara ga kowa.

Saura ladubban aiki. Sabon hannu ya fara da ƙananan gyare-gyare, kamar mai da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ inda aka yar da su, da raba kalmomi bisa Daidaitacciyar Hausa, kafin ya ɗauko babbar maƙala. Kada ya kwafo littafin wani kalma da kalma, kada kuma ya juye fassarar na'ura bai karanta ta da kunnen Bahaushe ba. In wani ya soke masa rubutu, kada ya mayar da shi cikin fushi. Ya je shafin tattaunawa ya nemi dalili, ya kawo tasa hujjar, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Magana zarar bunu ce. Abin da aka rubuta yau game da Gaya ko Ajingi, shi yaron firamare zai haddace, shi ɗan jarida zai ɗauka, shi baƙo daga wata ƙasa zai riƙa a matsayin gaskiya. Saboda haka ɗalibin da yake ƙaunar garinsu ya zo da littafi a hannu kafin ya zauna gaban kwamfuta, malamansa kuma su taimaka masa a buga abin da ba a riga an buga ba.